Fentin Supra ta 1/24 ya yi kaushi, gilashi ya yi hazo: ina mafita?

Abban Nana:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa ƙaramar motar roba, Toyota Supra ta kamfanin Tamiya, mai sikeli 1/24, lamba 24123, kuma na cije a wuri huɗu. Na fesa wa bodin farin fentin gwangwani na Tamiya, TS-26, kai tsaye a kan robar, da rana tsaka, daga nisan kamar kamu ɗaya. Da ya bushe sai ya fito da kaushi, in ka shafa kamar sanfefa, ga ƙura ta manne a rufin. Gwangwanin kuma ya ƙare kafin in kai ga banet, sai na ƙarasa da fentin feshi na kasuwa, irin wanda ake fesa wa babur. Banet ɗin ya yi tsage-tsage ƙanana kamar busasshen tabki. Gilashin gaba na liƙa shi da sufa gulu, washegari gefensa duk ya yi fari. Abu na huɗu, ina so in sauke motar ƙasa kaɗan in sa mata wili mai inci 18 na Aoshima, amma sun ƙi shiga ƙafafun. Wanne ne zai gyaru, wanne kuma sai haƙuri? Allah ya saka da alheri.

Malam Fenti:

Wa alaikumus salam Abban Nana. Bodin zai gyaru sarai, banet ɗin ne zai ci maka lokaci.

Kaushin nan ba laifin fentin ba ne. TS-26 fenti ne nau'in lacquer, mai saurin bushewa. Idan ka tsaya nesa da kamu ɗaya cikin zafin rana, ɗigon fentin yakan bushe a iska kafin ya sauka, sai ya zauna a jikin roba kamar gari, ba ya kwanciya balle ya haɗe da ɗan'uwansa. Nisan da ya dace santimita 20 zuwa 25 ne, a inuwa, da hantsi ko bayan la'asar.

Tun da ba ka sa faraima ba, wato fentin shimfiɗa da ake fara fesawa kafin launi, shawarata ka wanke fentin gaba ɗaya ka faro daga tushe, domin fari a kan roba tsirara ba ya rufewa sai an labta shi da kauri, kauri kuma shi ke cike layukan ƙofa. Samo mazubi mai murfi, ka nutsar da bodin cikin sifirit na isopropyl mai ƙarfin kashi 90 ko sama, ka rufe, ka bar shi awa huɗu zuwa kwana. Tsohon burushin haƙori zai ƙarasa aikin. Kada ka kusantar da tina ta masu fentin mota, ko fetur, ko ruwan goge jan farce: dukkansu suna narkar da irin wannan robar, bodin zai zama danƙo a hannunka.

Bayan ya fita fes, ka duba layin da injin ɗin zuba roba ya bari. Siririn tudu ne da yakan bi saman madigadi ya gangara kusurwar bamba. Rufe ido ka bi shi da farce, za ka ji shi. Goge shi da sanfefa mai lamba 600 (iya girman lamba, iya laushin sanfefar), ka bi da 1000, sannan ka shafe bodin duka da 1500 a jiƙe don faraima ta sami abin kamawa. Layukan ƙofa da na but ka zurfafa su da bayan tsinin wuƙar aiki, ja shida zuwa takwas ba tare da dannawa ba. Wanke da sabulun wanke kwanuka, ka ɗauraye, ka bar shi ya bushe da kansa. Daga nan kada yatsanka ya ƙara taɓa shi. Lanƙwasa wayar hanga ka tokare shi ta ciki da tef.

Faraima fara za ka nema, Fine Surface Primer ta Tamiya ko Mr. Surfacer 1500 fara, feshi biyu marasa nauyi, a kwana. In ka ga ƙwayar ƙura, 2000 a jiƙe ta ishe ta.

Shi launin kansa hawa-hawa ake yi. Girgiza gwangwanin minti biyu cur. Fara feshin a wajen bodin, ka wuce ta kansa, ka saki a ɗaya gefen, saboda a farkon dannawa da ƙarshenta ne bakin ke tofar da manyan ɗigo. Feshi uku na farko su zama kamar raɓa, har kana hango faraima ta ƙasa, minti goma tsakani. Sannan biyu masu jiƙa: ka rage saurin hannu har ka ga fuskar ta yi sheƙi kamar an zuba ruwa, ka tsaya nan take. Daƙiƙa ɗaya bayan wannan sheƙin ita ce ke kawo zubar hawaye a ƙasan ƙofa. Minti 20 zuwa 30 tsakaninsu. Gwangwani ɗaya mili 100 ne, da ƙyar yake isar fari, don haka ka sayi biyu, kuma ka fesa bodi da banet da madubai a zama ɗaya don kada farin ya bambanta.

Yanayinmu ma yana da nasa hannu. Da hunturu, roba busasshiya takan ja ƙura kamar maganaɗisu, musamman in an goge ta da busasshen ƙyalle. Yayyafa ruwa a ƙasan wurin minti biyar kafin ka fara, kuma da ka gama ka kife babbar roba mai tsabta a kan bodin, ka ɗan ɗaga gefe ɗaya da ashana don tururin ya fita. Da damina kuma matsalar hazo ce: sinadarin yana tashi yana sanyaya fuskar fentin, laimar iska ta sauka a kai, sheƙin ya dushe. Ranar da hadari ya haɗo a bar feshi. Gwangwanin kuma kada a bar shi a rana ko cikin mota. A yi aikin a fili, da takunkumi, nesa da risho da yara.

Banet kuwa, abin da kake gani ba fenti ne ya tsage ba, robar ce sinadarin fentin kasuwan ya ci. Ko ka wanke, tabon yana nan. Bayan wankin ka goge da 600 har tsagar ta kusa ɓacewa, ka fesa faraima mai ɗan kauri irin Mr. Surfacer 1000, ka goge da 1000, ka maimaita sau biyu ko uku. Ka lura da gefuna, nan sanfefa ke fara cinyewa. Duk fentin da ba ka sani ba, gwada shi a bayan farin cokalin roba ko a sandar da aka ciro kayan daga jikinta.

Ummu Sadiq:

Malam Fenti ya gama da bodi, bari in taɓa gilashin. Farin nan tururin sufa gulu ne ya sauka a kai, kuma ya fi kama inda yatsa ya bar maiƙo. Sau da yawa a sama-sama yake. Ciro gilashin a hankali, ka cika bayansa da laka irin ta wasan yara ko tef don ya sami madafa, domin roba mai haske ta fi sauran gautsi, in ta tsage babu gyara. Fara da man gogewa na Tamiya mai laushi a tsohuwar singileti ta auduga. In babu, farin man goge baki yana yi, sai dai ya ɗauki lokaci. Idan hazon ya ƙi, sai 2000 a jiƙe, sannan 3000. Gilashin zai dushe gaba ɗaya har hankalinka ya tashi, amma man gogewa zai dawo da shi: mai kaushi, mai laushi, sannan na ƙarshe.

Wajen mayarwa, farin gam na kafintoci irin Top Bond ya wadatar. Ɗebo da tsinken sakace, ɗigo huɗu zuwa shida a gefe, ka riƙe da tef awa biyu. Yana bushewa garau, in ya fito waje auduga mai laima ta share shi. Fitilu ma haka. Baƙin zoben da ke kewaye da gilashi daga ciki ake fenta shi, bayan an rufe tsakiya da tef.

Sitikar ruwa kuma kada a ɗora ta a kan fenti mai kaushi, iska za ta maƙale a ƙasa ta yi ƙyalli kamar azurfa. Tsoma ta daƙiƙa goma a ruwa mai ɗumi, ka ajiye a kan tishu rabin minti har ta fara zamewa da kanta, ka turo ta daga takardar zuwa wurinta, ka murza da auduga daga tsakiya zuwa gefe.

Abban Nana:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Hajiya, in babu isopropyl a kusa fa? Wani ya ce min man birki yana cire fenti. Sannan dole ne sai na fesa kiliya, wato fentin sheƙi marar launi, a kan farin?

Ummu Sadiq:

Man birki yana cirewa, amma yakan busar da robar ta yi gautsi, sai ka ga siraran ginshiƙan da ke riƙe rufin sun karye wajen sa bodi a kan shasi. Gara sifirit na kemis, ko da zai ɗauki kwana biyu. Kiliya kuwa ba dole ba ce a kan fari zalla. Ka ba TS-26 mako guda, ka shinshina: in har kana jin warin fenti, bai gama bushewa ba. Sannan 2000 a jiƙe da man gogewa. Fenti mai ƙyalƙyalin ƙarfe ne ba a gogewa kai tsaye, shi sai da kiliya.

Injiniya 24:

Salam. Batun wili, ba girma ne ya hana su shiga ba, tsarin kamfanonin ne ya sha bamban. A yawancin motocin Tamiya, sandar tana jikin wilin, ita ke shiga ƙaramar robar riƙo da ke ɓoye cikin birki. Na Aoshima da Fujimi kuma robar riƙon tana cikin wilin, sandar ce ke fitowa daga ƙafar mota. Ka ga rami ya haɗu da rami. Auna faɗin sandar wilin asali, ka samo guntuwar sandar roba ko ƙarfen tagulla daidai da ita, ka dasa a tsakiyar sabon wilin da gam mai haɗi biyu irin Araldite. Tsakiya fa sosai; in ta karkace ko da kaɗan, tayar za ta yi ɗingishi.

Kafin ka yanka komai, yi lissafi. Milimita 1 a jikin motarka milimita 24 ce a babbar mota. Wili mai inci 18 milimita 457 ne, in ka raba da 24 ya ba ka 19, da leɓensa ya ɗan haura 20. Sauke mota da milimita 2 daidai yake da 48 a gaske, kuma wannan ya isa. Masu sauke milimita 4 su ne motarsu ke fitowa kamar shokazoba ta karye. Katin ATM kaurinsa milimita 0.76 ne, saboda haka tsofaffin katuna ma'auni ne mai kyau: biyu sun ba ka kusan 1.5, wato milimita 36 a babbar mota.

Ga yadda ake yi. Ɗora bodi a kan shasi ba gam. Ajiye su a kan gilashi shimfiɗaɗɗe, ka tokare shasin da katuna shida gaba da baya, wajen milimita 4.5 ke nan, kusan 110 a gaske. Jingina tayoyin a wurarensu ka duba ta gefe, idonka daidai da tebur. Abin da kake so shi ne cibiyar wili ta hau sama a jikin ƙafar, ba ƙasa ba. Nan mutane suka fi juya lissafi su wayi gari motar ta ƙara tsawo. Yanke cibiyar da siririn zarto, ka matsar da ita sama gwargwadon abin da ka auna, ka huda rami na milimita 1 ka zura wayar tagulla don ƙarfi, sannan gam mai haɗi biyu. Bar motar a kan katunan har gam ya kama, ta haka tayoyi huɗun za su taka ƙasa tare. In taya tana gogar cikin madigadi, kankare robar daga ciki da wuƙa mai lanƙwasa, kana ɗaga ta ga fitila. Da haske ya fara ratsowa ka tsaya. Wannan aikin duk a yi shi kafin fenti.

In sabon wilin mai kurom ne kuma kana son wani launi, jiƙa shi a Hypo minti 15 zuwa 30, kurom ɗin zai tafi. Ko ba ka cire ba, dole ka kankare shi a inda gam zai taɓa, don gam mai narkar da roba irin Extra Thin ba ya kama kurom ko fenti. Layin da ke tsakiyar taya ka goge da 400, tayar za ta yi kamar ta taka kwalta.

Wani abu da ya kamata a kiyaye a injin: na Supra mai turbo 2JZ-GTE ne, silinda shida a jere, kuma kowane fulogi da koyil ɗinsa a kai ƙarƙashin murfi. Saboda haka kada ka jera masa wayoyin fulogi shida, wanda ya san motar zai gane nan take. Wayar da za ta ƙawata wurin ita ce ta batir da ƙananan tiyo. Siririyar waya mai milimita 0.3 daga tsohuwar iyafis tana daidai da milimita 7, dalmar masu gyaran rediyo mai milimita 1 kuma tana lanƙwasuwa ta zauna kamar tiyo. Bakin salansa, yanko gaɓa ɗaya daga eriyar tsohuwar rediyo mai faɗin milimita 4, wato 96 a gaske, ka goge bakin da 1000, ka shafa baƙin fentin Tamiya XF-1 a cikinsa.

Malam Fenti:

Ƙari kaɗan kan layukan ƙofa, tun da motar fara ce. Kada ka zuba musu baƙi, zai yi kamar an zana da biro. Tsinkakken fentin layi na Tamiya, Panel Line Accent Color, mai ruwan toka ya fi dacewa. Taɓa bakin burushin a layin zai gudu da kansa, bayan minti goma ka share abin da ya fita da auduga mai ɗan tinar Tamiya X-20, a matse sosai. Shi fentin layin nau'in enamel ne, ba ya cin fentin lacquer da ke ƙasa, amma in ya kwarara ciki ya taru a kan roba tsirara yakan sa ta tsage, musamman wajen maƙalan bamba. Sai bayan ka gama goge fentin za ka sa shi, in ba haka ba man gogewa zai cike layin da fari, ka koma tono da tsinken sakace.