Mahaifiyata tana kan keken guragu: jirgin Haramain ko mota daga Madina zuwa Makka?

Ɗan Tudun Wada, Gusau:
Assalamu alaikum. Zan raka Hajiyarmu Umara, tana fama da shanyewar ɓarin jiki, ba ta iya tsayuwa sai an tallafe ta. Jirgin ƙasan Haramain yana cinye kilomita 450 cikin ƙasa da awa biyu da rabi, mota kuwa takan kwashe awa biyar ko fiye, bayanta kuma ba zai jure ba. Shin ana barin mutum ya shiga tarago a kan kekensa, ko karɓe shi ake yi a haɗa da kaya?

Alhajin Mafara:
Wa alaikumus salam. Ka hau jirgi kawai, da idona na ga allon tarago yana nuna gudun kilomita 300 a awa. Riyal 150 da 'yan kai na biya.

Hajiya Babba, Tsafe:
Allah ya ba Hajiya lafiya. Ɗana, ka ji tsoron ejan kafin ka ji tsoron jirgi. Wanda ya kai mu ya karɓi kuɗin tikitin jirgi tun muna gida, ya rantse cewa ya kama wa maigidana wurin masu keke, amma da muka isa Madina sai ya zuba mu a bas. Direba ya cusa keken a ƙarƙashin akwatunan mutane, da aka fito da shi matakin ƙafa ɗaya ya karye. Da bakin mayafina na ɗaure shi, haka na tura bawan Allah yana riƙe da ƙafarsa da hannu har masauki. Har yau ko sisi bai dawo mana da shi ba.

Baban Khalifa:
Allah ya saka miki, Hajiya. Amma Alhaji, riyal 150 ɗin nan na wace shekara ne? Ni sama da 200 na biya cikin azumi.

Malama daga Anka:
Da na kai mahaifina, a kan kekensa ya shiga. Tashar tana da lif, ma'aikata kuma sun taimaka mana wajen shiga, sai dai wuraren masu keke kaɗan ne, don haka ka nemi wurin tun lokacin sayen tikiti. Babban akwati ɗaya ake yarda wa kowane fasinja, kada ya wuce kilo 25. Tashar Makka tana unguwar Rusaifa, sai ka sake neman tasi mai faɗin but zuwa masauki. Jirgin kuma ba ya tsayawa a miƙatin Zul Hulaifa, kai sai ka sa haraminka kafin ku hau.

Alhajin Mafara:
Malama, zancen miƙati na malamai ne. Ni na je ƙasa mai tsarki tun kafin a buɗe layin nan a 2018.

Malama daga Anka:
Ranka ya daɗe, ba yawan zuwa ya tambaya ba, wanda ya taɓa tura keke yake nema.

Na Kaura:
A bar mana maganar jirgin ƙasa, mu da layin dogo ya iso garinmu Kaura Namoda tun 1929. Namu jirgin, mai keken guragu ma yana iya riga shi isa Gusau.

Baban Khalifa:
Ana ta zancen Makka, alhali a nan gida ne abin ya fi ciwo. An sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a Janairun 2019, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, wa'adin kuma ya wuce. Ƙanena har yanzu a bakin ƙofar wani banki yake zama cikin rana, saboda kekensa ba ya shiga ƙofar tsaron nan mai kama da akwati, sai ma'aikaci ya ga dama ya fito masa da takarda.

Hajiya Babba, Tsafe:
Kai ma banki kake faɗi. Je ka ga matakalar wani asibitin da muke zuwa gashin ƙashi, majiya ƙarfi biyu nake biya su ɗaga maigidana duk ranar Talata.