Nonon da na tatsa yana warin sabulu, yaro ya ƙi sha

Salamu alaikum iyaye mata. Ɗana watansa 4, na koma aiki a Ikeja, gida kuma Agege. Sau biyu nake tatsa a ofis, ƙarfe 11 da ƙarfe 3, in sa a kula mai ƙanƙara har in iso gida, wani lokacin sai 8 na dare saboda cunkoson motoci. Daga nan sai firij.

Washegari in kakarsa ta ɗumama, sai ya tashi da warin sabulu, yaron ya kau da kai yana ta kuka. Na dafa kwalaben, na sauya sabulun wanki, na daina ajiyewa a ƙofar firij, duk a banza. Wanda na tatsa nan take kuwa tas yake shanyewa. Wallahi abin yana ci min rai.

Don Allah, yaya zan adana shi ya kwana ba tare da warin nan ba?