Lakar tankin bayan gida na asibiti, ta yi taki kuwa?

Mai Lambu: Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. An kwashe tankin bayan gida na wani asibiti, lakar ta bushe ta yi baƙi ƙirin har wari ta daina, aka ce in zo in ɗiba kyauta in zuba a lambu, to in karɓa?

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Malam kar ka soma. Antibayotik ɗin, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, da muke ba marasa lafiya ba duka jiki ke narkarwa ba, da yawa yana fita a fitsari da bayan gida yadda ya shiga, kuma duk can tankin yake tafiya

Mai Lambu: To Anti ai rana ta dake ta wata da watanni

Injiniya: Rana saman kawai take taɓawa Malam. Irin su penisilin suna saurin lalacewa a ruwa, amma sifrofuloksasin da tetrasaikilin manne wa laka suke kamar kaska, shi ya sa ko ruwan saman ya fita garau maganin na nan kwance a ƙasa, kulorin ɗin da ake zubawa kuwa don ruwan ne, ba ya wanke laka

Ɗan Lab: Ni ba ma maganin ne ya fi damuna ba. Ƙwayoyin cuta ne da suka zauna cikin ɗan guntun magani wanda bai isa ya kashe su ba, masu taurin kai su rayu su hayayyafa, har su miƙa wa wasu ƙwayoyin wannan taurin kan. A 2019 kaɗai mutum wajen miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda cututtukan da suka daina jin magani

Mai Lambu: Subhanallah. In na tara ta ta ruɓe fa?

Injiniya: In tulin ya ɗau zafi ya wuce digiri 55 ana juyawa, zai rage ƙwayoyin da wani sashe na maganin, sifrofuloksasin kam da wuya. Ni dai shawarata a ƙone ta a injin ƙona shara, in babu a binne a rami mai shimfiɗar da ba ta barin ruwa ya wuce, nesa da rijiya don ruwan sama kar ya ja ta

Anti Nas: Kuma ganyen da ake ci ɗanye saiwarsa na iya zuƙar wani abu daga maganin. In har za ka taɓa ta, safar hannu da takalmin roba don Allah

Mai Lambu: Na gode, bari in kira su in ce su bar abinsu