Zafin gawayi zai iya juya sandar gashin nama ba tare da lantarki ba?

Ɗan Gadarif:
Assalamu alaikum. Masu walda da makanikai, ina neman shawara. Wutar lantarki a nan Gadarif ta Sudan ba abin dogaro ba ce, ga shi ina son in ƙara gashin kaji da rago sukutum a kan agashen da ake yi. Murhun rabin durom ne, gawayi ake zubawa. Tun da zafin yana tashi sama a banza, babu dabarar da za a sa shi ya riƙa juya sandar da kansa? Kaji huɗu zuwa biyar a sanda ɗaya, rago kuma kilo 12 zuwa 15.

Usta Mai Walda, Kasala:
Wa alaikumus salam ƙanena. Dabarar ta daɗe. Leonardo da Vinci, masanin nan ɗan Italiya, ya zana irinta tun ƙarni na 15, kuma manyan gidajen Ingila sun yi ta amfani da ita: farfela a cikin bututun hayaƙi, iska mai zafi ta tura ta, giya ta kai juyin ga sanda. Amma su itace ko kwal suke ƙonawa ƙarƙashin bututu mai tsawon bene. Gawayi ba haka yake ba. Yawancin zafinsa hucin garwashi ne, iskar da yake turawa sama kaɗan ce.

In za ka gwada, yi wa durom ɗin rumfar ƙarfe mai tsukewa zuwa bututu mai faɗin santimita 25 zuwa 30, tsawo aƙalla mita 2. Farfelar ta zama ta falle marar nauyi, fukafukai 8, kowanne a karkace wajen digiri 30, tazararta da bangon bututu kada ta wuce santimita 1, in ba haka ba iskar ta gefe za ta sulale. Kada ka sa boris a ciki, giris ɗinsa zai narke, kunkunniya da maiƙo su cushe shi. Feƙe gindin sandar farfelar ya zauna a ɗan ramin ƙarfe, boris ɗin ya koma sama, a waje da bututu. Kuma ban da kwanon rufi mai ruwan tutiya a kusa da wuta, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi.

Sandar gashi juyi 3 zuwa 5 take so a minti, saboda haka sai ka rage gudun farfelar kamar sau 50. Da kacar keke (haƙora 44 kan 16) sai ka jera hawa huɗu, kowane hawa kuma yana cin nasa rabon ƙarfi. Kaji biyu ko uku za su iya juyuwa. Rago kam, a'a.

Injiniya, Jidda:
Usta ya faɗi gaskiya, sai dai in ƙara lissafi, don mutane suna ɗauka nauyin nama ne matsalar. Rinjaye ne. Rago mai kilo 15 da tsakiyar nauyinsa ta goce daga sanda da santimita 3, a juyi 3 cikin minti, ƙarfin da ake bukata a lokacin ɗaga ɓarin mai nauyi bai kai wat ɗaya da rabi ba. Rage gocewar zuwa santimita 1, ya koma ƙasa da rabin wat. Sauran duk a cikin giya yake ɓacewa. Don haka kafin komai, ɗora sandar a kan ƙafafunta ka sake ta. In ta mirgina da kanta ta tsaya ciki a ƙasa, ɗaura kishiyar nauyi a bakin sanda: ɗan rodi mai noti da ake matsarwa har ta tsaya duk inda ka bar ta.

Hanya ta biyu ita ce ƙananan faranti masu mai da zafi lantarki, ana kiransu TEG, santimita 4 kan 4. Gefe ɗaya zafi, ɗaya sanyi, bambancin ne yake ba da wuta. Inda ake faɗuwa shi ne masu arahar ba sa jure fiye da digiri 150, wasu ma dalmar cikinsu tana narkewa a 138, garwashi kuwa yana haura 600. Dole a nemi masu jure 300, a manna su jikin ƙarfe mai kauri da ya leƙo daga gefen murhu, a danne su da tukunyar alminiyam mai lafiyayyen gindi cike da ruwa. Da zafin Gadarif na watan Afrilu, ruwan nan da nan zai ɗumame, bambancin ya ragu, sai an riƙa sauya shi. Kada ka sa ran fiye da wat ɗaya ko biyu daga kowanne, komai abin da aka rubuta a kwali. Guda huɗu a jere za su ja ƙaramar motar lantarki, wato ɗan injin juyi, mai giya ta bolt 6 don kaji.

Tururi kuwa, kada ma a fara. Toshe tukunyar matsi a kan garwashi don ta hura farfela neman asibiti ne.

Baba Mai Agashe, Mai Wurno:
'Ya'yana, akwai abin da ƙarfe bai gaya muku ba. Gashin rago wuta mai laushi yake so, awa 4 zuwa 5, garwashi a gefe, an fi tara shi wajen cinya da kafaɗa, nama na nesa da shi kamar kamu ɗaya. To a irin wannan wutar ne farfelarku za ta yi kasala. In ka hura wuta don ta yi gudu, fata ta ƙone ciki ɗanye. In ta lafa, sanda ta tsaya, kuma kullum ɓarin mai nauyi ne zai tsaya yana kallon garwashi. Sannan nama yana motsewa, bayan awa ɗaya wayar da ka ɗaure ƙashin baya da ita ta saki, daidaiton da Injiniya ya yi maka ya tafi. A riƙa ƙara murɗa ta.

Usta Mai Walda, Kasala:
Haka ne Baba. Na rago, ɗauki motar waifa, wato injin da ke motsa abin goge gilashin mota, ta bolt 12 wajen masu kayan gwangwan. A ƙaramin gudunta tana yin kamar juyi 45 a minti, kaca hawa biyu (14 kan 44) ta sauko da shi ƙasa da 5. Tana shan amfa 2 zuwa 4, batir ɗin mota mai amfa-awa 70 zai gama gashin da saura, farantin sola ya mayar masa da rana. Sanda ta zama mai kusurwa huɗu, kauri milimita 20, ta ƙarfen da ba ya tsatsa, don mai zagaye zamewa take a cikin nama. Motar ta yi nesa da durom da rabin mita, da falle a tsakani, saboda babbar giyar cikin yawancinsu roba ce.

Ɗan Gadarif:
Allah ya saka da alheri. Usta, sandar a ina ake haɗa ta da giya, walda ko ƙusa?

Usta Mai Walda, Kasala:
Ƙusa. Yi wa giyar soket mai kusurwa huɗu, sanda ta shige, ka soka fil a tsakiya. Haka za ka zare ta da naman a kai ba tare da taɓa kaca ba, kuma in motar ta tsaya ana tsakiyar gashi, ka cire fil ɗin, ka zare sandar daga soket, ka sa mariƙi a ɗaya bakin ka ci gaba da hannu.