Gandunmu na neman watsewa: mu raba gona ko mu ci gaba da noma tare?

Manomi daga Soba:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san zaman gandu. Mu uku ne maza a gidanmu, kuma tun rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ni nake riƙe da gandu a matsayina na babba. A gonar tudu muna shuka masara da dawa da waken suya, sannan muna da 'yar fadama da muke yin tumatir a cikinta da rani. A da, idan kaka ta yi, rumbuna biyu suke cika, yara su yi ta gasa ɗanyar masara a bakin murhu, mata suna sussuka suna hira, babu mai tambayar buhu nawa aka samu. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin taki da na mota da na man injin ban-ruwa suka tashi tare, sai lissafi ya shigo mana gida.

Bara na sayar da masara tun da kaka domin in biya bashin taki, sai ga mu a cikin Agusta, ana tsakiyar marka, muna awo mudu-mudu da tsada. A nan ne ƙanena mai bi mini ya ce, a gaban mahaifiyarmu, shi ne mai sammakon zuwa gona, amma idan matarsa ba ta da lafiya sai ya zo ya durƙusa mini kafin ya sami kuɗin magani. Yana so a raba. Autanmu kuwa hankalinsa ya koma kan tafiya Kaduna ya ja Keke Napep. Mahaifiyarmu ba ta ce uffan ba, amma tun daga ranar ba ta iya cinye tuwon dare. Me ya kamata in yi?

Dattijo daga Giwa:

Wa'alaikumus salam ɗana. Ƙanenka bai yi rashin kunya ba, gaskiya ya faɗa, ko da yake bai kamata ya faɗe ta a gaban mahaifiya ba. A duk bayaninka ban ji ka ambaci gayauna ba, kuma ina zaton a nan ɓarakar take. Iyayenmu ba su riƙe gandu da tsawa ba. Ana aikin gandu da safe, da yamma kowa ya nufi gayaunarsa, abin da ya noma a can nasa ne, ya sayar ko ya ajiye ba tare da neman izinin kowa ba. Mai gandu kuma shi yake ɗauke da abinci da kayan aiki da haraji da auren samari. Magidancin da ba shi da ko kunya goma da zai ce tasa ce, dole wata rana ransa ya ɓaci.

Abu na biyu, tunda mahaifinku ya rasu, gonar ta magada ce, ba taka ba. Mahaifiyarku tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas na gado, 'yan'uwanku mata da ke gidajen aure su ma suna da rabo. Ku kira malami da dattawan dangi a fitar wa kowa haƙƙinsa, a rubuta, a sa shaidu. Sanin rabo daban, yanka gona gunduwa-gunduwa daban. Kuna iya sanin iyakokinku ku ci gaba da huɗa da shanu guda, domin gonar da aka tsaga uku da ƙyar take ciyar da gida ɗaya.

Uwar gida daga Maƙarfi:

Malam, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Sau da yawa maza suna ganin rigimar gandu a gona take farawa, alhali a madafa take tsiro. Na zauna da faccaloli biyu a gida ɗaya, na ga yadda mai 'ya'ya shida da mai 'ya'ya biyu suke karɓar awo iri ɗaya ranar girkinsu, ɗaya tana kankare tukunya, ɗaya tana da ragowar ɗumame. Sannan idan damina ta kama, akuyar mace ake fara kamawa a kai kasuwa don sayen taki da alkawarin za a biya da kaka, kaka ta zo ta wuce ba a sake tayar da zancen ba. Ka binciki wannan a gidanka. Idan akwai matar da aka ci bashin akuyarta, a biya ta kafin a zauna maganar rabo.

Mai noman citta daga Kachia:

Ni shaida kawai zan bayar. A daminar 2023 cuta ta shiga gonakin citta a yankinmu, ganye ya yi rawaya, citta ta ruɓe a cikin ƙasa. Na riga na ware daga gidanmu, na zuba duk abin da na mallaka a citta, kuma masarar yayana ce ta ciyar da 'ya'yana har shekara ta zagayo. Game da auta, a bar shi ya je cirani bayan girbi, da sharaɗin ya dawo kafin ruwan shuka.

Manomi daga Soba:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na Giwa, gaskiya ne, tun rasuwar mahaifinmu ban yanka wa kowa gayauna ba, kuma ban taɓa tunanin rabon ƙannena mata ba. Hajiya, maganarki ta same ni, domin akwai awaki biyu na matar ƙanena da aka sayar shekara biyu da suka wuce ba a biya ta ba. Na sanar da mahaifiyarmu cewa ranar Juma'a bayan sallah kawunmu zai zo a zauna, kuma zan ba ƙanena fadamar ya yi noman ranin bana da kansa.