Shin jijiyoyin hanji suna da hannu a gudawar kwalara?

Ɗalibar likitanci, Anguwar Rogo, Jos:
Assalamu alaikum. A aji an koya mana cewa gubar kwalara tana kama ƙwayoyin bangon hanji, ta ƙara sinadarin cAMP mai isar da saƙo a cikinsu, ƙofar gishiri da ke jikinsu mai suna CFTR ta buɗe, gishiri ya fita zuwa cikin hanji ruwa ya bi shi. Da daminar bara na ga wani magidanci da bayan gidansa ya koma kamar ruwan shinkafa, idanunsa sun faɗa, fatar hannunsa kuma idan an tsunkule ta ba ta komawa. Tun daga ranar nake tambayar kaina ko wannan hanya ce kaɗai ke zubar da ruwa mai yawa haka.

Malamin ilimin aikin gaɓoɓi, Naraguta:
Wa alaikumus salam, 'yata. Abin da aka koya miki daidai ne, sai dai bai cika ba. Hanji yana da nasa tarin jijiyoyi masu kai saƙo a jikin bangonsa, kuma gubar tana sa wasu ƙwayoyi na musamman su saki sinadarin serotonin, wanda ke tayar da waɗannan jijiyoyi, su kuma su saki sinadaran VIP da asetilkolin, waɗanda ke umartar bangon hanjin ya ƙara fitar da ruwa. Ove Lundgren da abokan aikinsa a Gotenbag ta ƙasar Suwidin ne suka nuna haka a shekarun 1980: da suka kashe aikin jijiyoyin a hanjin beraye da kyanwoyi da magunguna irin su lidoken mai kashe zafi, sai ruwan ya ragu ƙwarai, alhali gubar tana nan daram.

Ɗalibar:
Na gode, Malam. To me ya hana a riƙa ba majinyata irin waɗannan magunguna?

Ma'aikaciyar jinya, Farin Gada:
Ƙanwata, waɗannan jijiyoyin ne kuma suke tafiyar da motsin hanji, don haka kashe su a jikin mutum ba abin wasa ba ne, kuma gwajin dabba daban yake da gadon majinyaci. Abin da ke cetonmu a ɗakin jinya shi ne gubar ba ta lalata ƙofar da sukari da gishiri ke shiga tare, su jawo ruwa cikin jiki. Shi ya sa muke haɗa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta tsabtataccen ruwa, wanda ya galabaita kuwa sai ƙarin ruwa ta jijiyar hannu ba tare da jinkiri ba.