Abincin Budapest a kwana biyu: abin da aka tattauna

Na bi maganganun jama'a ɗaya bayan ɗaya kan abin da mai kwana biyu a Budapest, babban birnin Hungary, zai ci, ga abin da na tsinto.

1. Kowa ya yarda a fara da gulyás. Romo ne na naman sa da dankalin turawa da albasa, jajawur saboda garin barkonon paprika, amma ba ya da yaji sosai.

2. Babbar kasuwar birnin, wadda aka buɗe a 1897, an ce a je da safe. A hau bene a ci lángos, ƙullin fulawa soyayye, a shafe shi da tafarnuwa da kirim mai tsami, a barbaɗa cuku. A ci da zafinsa.

3. Batun da aka fi daɗewa a kai, kuma ni ma shi ya fi damuna: man alade. Ana soya albasa da shi a girki da yawa, har na kaza. A tambaya kafin a yi oda. Kolbász kuwa, wato tsiran naman da ake ɗurawa a hanji (sosej), galibi naman alade ne. Wasu sun ce romon kifi, halászlé, ya fi kwanciyar hankali.

4. An rabu kan gidajen abinci na titin Váci, inda masu yawon buɗe ido ke yawan zuwa. Wasu sun ce tsada kawai, a shiga lunguna. Wasu sun ce mai kwana biyu ba ya da lokacin yawo.

5. Pálinka da Tokaji giya ne. Marasa sha sun zaɓi kofi da kek ɗin Dobos.